Kwaɗon Bai Yi Laifi Ba, Mu Muka Miƙa Mabuɗin

A ƙarshen watan jiya, kwana biyu da shigar albashi, wata abokiyar aikinmu ta shigo ofishin malamai idanunta sun yi jajir. Da daddare wani mutum ya kira ta a waya, ya ambaci cikakken sunanta, ya ambaci bankin da take ajiya, ya ce daga sashen kula da asusun ma'aikata yake kira, kuma za a rufe asusunta kafin gari ya waye idan ba a sabunta bayananta ba. Ya ce za a turo mata wasu lambobi guda shida, ta karanto masa su. Lambobin suka shigo, ta karanta. Kafin ta ajiye wayar, saƙon cire kuɗi ya biyo baya. Albashin wata guda ya tafi kacokan, ga kuɗin makarantar yara, ga bashin mai shago, ga cefane.

Malamar nan ta shekara goma sha takwas tana koyar da lissafi. Ba wanda zai kira ta jahila ko sakarya. Abin da ta riƙa maimaitawa a ranar shi ne: "To ai cewa suka yi bankin yana da tsaro." Kuma gaskiya aka faɗa mata. Tsaron yana nan daram, ɓarawon bai ko taɓa shi ba. Mabuɗi ya roƙa cikin ladabi, aka ba shi.

Mun yi karo-karo mun rage mata raɗaɗi, kamar yadda muka saba. Sai dai karo-karo ba ya tsare wanda za a kira gobe. Wannan ne ya sa muka kawo ra'ayinmu shafin nan: ya kamata reshenmu ya ɗauki nauyin koya wa membobinsa tushen ilimin rubutun sirri, sannan mu kuma mu shigar da shi cikin darasin lissafi na aji biyar da aji shida. Mun san wasu za su yi murmushi, su ce ina ruwan malamin firamare da aikin 'yan leƙen asiri. Muna roƙon a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe, sannan a yanke hukunci.

Da farko, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Yawancinmu mun yi zaurance muna yara. A unguwarmu ƙa'idar ita ce a bi kowace gaɓa da harafin "d" tare da wasalin gaɓar, sai "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tadafidi". Ƙanne su buɗe baki suna kallo, mu kuma mu ji kamar mun mallaki duniya. Wata guda bai cika ba, ƙannen suka gano ƙa'idar, sirrin ya tashi daga aiki, muka koma neman sabuwa. A cikin wannan wasan yara akwai dukan ginshiƙan ilimin: akwai saƙo na asali, akwai ƙa'idar da ke ɓad da kamanninsa, akwai mutum biyu da suka san ƙa'idar, akwai kuma na uku da ke saurare yana son ya gane. Manyan dauloli sun yi ƙarnoni suna wannan wasan, sai dai su rayuka da ƙasashe suka ɗora a kai.

Hanyoyin da mutanen da suka bi iri biyu ne. Ta farko ita ce yamutsa jerin haruffa ba tare da an canja ko ɗaya ba. Ana danganta wa mutanen Sparta ta tsohuwar Girka wata dabara ta naɗa siririyar fata a jikin sanda, a yi rubutu a kai, a warware fatar. Sai wanda ke da sanda mai kauri daidai da ta farko ne zai iya sake jera haruffan. Za mu iya yin makamancin haka a allo. A ɗauki ZO GIDA GOBE, a haɗe haruffan, a tsame na ɗaya da na uku da na biyar har ƙarshe a rubuta su, sannan a rubuta waɗanda suka rage. Abin da zai fito shi ne ZGDGB OIAOE. Mai lura zai ga cewa baƙaƙe sun taru gefe guda, wasula gefe guda, saboda gaɓar Hausa galibi baƙi ne da wasali. Harshen da kansa ya fara tona asirin.

Hanya ta biyu ita ce musanya: kowane harafi a ba shi wakili. Mafi shahara a wannan fanni ita ce ta Yuliyus Kaisar, jagoran Rum da aka kashe shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Marubucin tarihi Suetonius ya ruwaito cewa idan Kaisar zai rubuta abin sirri, yakan matsar da kowane harafi gaba da mataki uku. A haruffan boko 26, A ta koma D, B ta koma E, C ta koma F, har a kai ƙarshe, inda X za ta zagayo ta koma A. Da wannan ƙa'ida MAKARANTA za ta zama PDNDUDQWD. Wanda aka aika wa zai koma baya da mataki uku, kalmar ta dawo masa.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu rarrabe abu biyu, domin duk maganarmu a kansu ta rataya. Akwai hanya, wato "a matsar da haruffa gaba". Akwai kuma mabuɗi, wato "uku". Hanya kamar kwaɗo ce: ana sayar da irinta a kowace kasuwa, kowa ya san yadda aka ƙera ta. Mabuɗi shi ne wanda ke rataye a ɗan tofi ko a ƙarƙashin matashi. Kuma a lura, mabuɗin da Kaisar ya kulle da shi, da shi ne kwamandansa zai buɗe. Duk tsarin da mai aikawa da mai karɓa suke riƙe da mabuɗi iri ɗaya, shi ne muke kira kulli mai mabuɗi ɗaya. Daga sandar Sparta har zuwa abin da ke cikin wayoyinmu yau, wannan tsari bai gushe ba.

Raunin hanyar Kaisar a fili yake. Mabuɗan da za a iya zaɓa 25 ne kacal. Ɗan aji biyar mai haƙuri zai gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawar tashi. Sai masu dabara suka ce, to a daina matsarwa a jere, a ba kowane harafi wakili barkatai: A ta zama Q, B ta zama M, da sauransu. Yanzu yawan mabuɗan ya zama lamba mai gurbi 27, abin da babu mai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya ko da zai rayu shekara dubu. An daɗe ana ganin an kai ƙarshe.

Wanda ya rushe wannan zato malami ne a Bagadaza a ƙarni na 9, Abu Yusuf Ya'aƙub bin Ishaƙ al-Kindi. Ya rubuta wata risala kan warware rubutun da aka ɓoye, wadda aka samo kwafinta a Istanbul, aka kuma buga ta a 1987. Ita ce mafi daɗewar bayani da ya iso mana kan dabarar ƙidayar haruffa. Hujjarsa mai sauƙi ce: a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan fitowa. A Larabci alif da lam ne a gaba. A Turanci E ce. A Hausa kuwa ba sai an faɗa ba, A ce sarauniya. Idan ka ƙirga haruffan saƙon da aka ɓoye ka ga wani ya fi kowa yawa, to ka kama wakilin A. A koma ga PDNDUDQWD: D ta fito sau huɗu a cikin haruffa tara. Daga A zuwa D mataki uku ne. Mabuɗi ya faɗo ba tare da an gwada sauran 24 ba. Malaman Larabawa sun ci gaba da wannan fanni, har al-Ƙalƙashandi ya keɓe masa sashe a cikin babban kundinsa Subhul A'asha, wanda ya kammala a Masar a 1412. Ko kalmar da Turawa ke kiran rubutun sirri da ita, asalinta daga "sifr" ta Larabci ne, wadda mu muka aro muka ce sifili. Saboda haka idan wani ya ce mana wannan ilimin Nasara ne, muna da amsa.

Wanda bai san an gano raunin makullinsa ba yana cikin hatsarin da ya fi na wanda ba shi da makulli sam, domin shi yana sakin baki ne. Sarauniya Mary ta Sikotilan tana tsare a Ingila lokacin da ta riƙa musayar wasiƙu da masu shirin kashe Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1586. Wasiƙun da alamomin musanya aka rubuta su, ana ɓoye su a cikin gangar giya. Ba ta san duk suna biyawa ta hannun mutanen Francis Walsingham ba, inda wani Thomas Phelippes ke warware su. Amincewarta da makullin ya sa ta rubuta abin da ba za ta taɓa rubutawa a fili ba. A Fabrairun 1587 aka fille mata kai.

Masu kullewa ba su zauna ba. Tun a wajen 1467 Leon Battista Alberti na Italiya ya ƙirƙiro faifai biyu, ƙarami a kan babba, kowanne da haruffa a bakinsa, domin a riƙa sauya wakilai a tsakiyar saƙo. A 1553 Giovan Battista Bellaso ya bayyana tsarin da daga baya aka laƙaba wa sunan Bafaranshe Vigenère. Ma'anarsa ita ce mabuɗin ya zama jerin matakai maimakon mataki guda. A ce mabuɗinmu 3, 1, 4 ne, ana maimaita shi. Harafin farko ya matsa uku, na biyu ɗaya, na uku huɗu, na huɗu a koma uku. MAKARANTA za ta zama PBODSEQUE. Haruffan A guda huɗu sun rarrabu, sun zama B da D da E da E. Ƙidayar al-Kindi ta rikice. Kusan shekara ɗari uku ana ɗaukar wannan tsari a matsayin gagara-badau, har sai da Friedrich Kasiski, tsohon hafsan sojan Furushiya, ya buga hanyar fasa shi a 1863. Ya lura cewa tunda mabuɗin maimaituwa yake, ana iya gano tsawonsa, a raba saƙon kashi-kashi, kowane kashi ya koma irin na Kaisar.

A 1883 wani malamin harsuna ɗan asalin Holan da ke koyarwa a Faris, Auguste Kerckhoffs, ya rubuta ƙa'idar da har yau ake tafiya a kanta. Taƙaitawarta ita ce: a ɗauka abokin gaba ya san hanyar da kake bi tsaf, tsaronka ya dogara ga mabuɗi kaɗai. Yana da daɗi a tuna cewa wanda ya kafa wannan ƙa'ida mai alli ne irinmu. Yaƙin Duniya na Biyu ya gaskata shi. Jamusawa sun dogara da na'urar Enigma, wadda ita ma kulli ce mai mabuɗi ɗaya: mai aikawa da mai karɓa dole su saita na'urorinsu iri ɗaya bisa takardar mabuɗai da aka rarraba musu. Masanin lissafi ɗan Folan, Marian Rejewski, ya gano tsarin cikinta tun a ƙarshen 1932, daga baya Alan Turing da abokan aikinsa a Bletchley Park ta Ingila suka ɗora a kai. Babban abin da ya taimake su shi ne halin ɗan'adam: masu aiki da na'urar sukan zaɓi haruffa masu sauƙin tunawa, sukan kuma fara rahoton yanayi da kalmomi iri ɗaya kowace safiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da kwamfuta ta zo, haruffa suka koma lambobi, mabuɗi ya koma jerin gurabe waɗanda kowanne sifili ne ko ɗaya, ana kiran kowane gurbi "bit". A 1977 Amurka ta amince da tsarin DES mai mabuɗi bit 56. A 1998 aka ƙera wata na'ura da ta gano mabuɗinsa ta hanyar gwaji cikin awa 56, wato dai abin da ɗan aji biyar ke yi wa Kaisar, amma da gudun inji. A 2001 aka maye gurbinsa da AES, wanda 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, mai mabuɗi bit 128 ko 192 ko 256. Kowane bit da aka ƙara yana ninka yawan mabuɗan sau biyu, don haka bit 128 na ba da lamba mai gurbi 39. Malaman lissafi su gwada wannan a takarda: na'urar da ke gwada mabuɗi biliyan sau biliyan a kowace daƙiƙa za ta buƙaci fiye da shekara tiriliyan 10 kafin ta ƙare su. Abin sha'awa kuma, a cikin AES aikin nan biyu na mutanen da ne ake yi, musanya da yamutsawa, ana maimaita su zagaye goma ko fiye. Hanyar a buɗe take, an buga ta, kowa na iya karantawa. Mabuɗi ne kawai sirri.

Kulli mai mabuɗi ɗaya yana da matsala guda da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya: ta yaya mabuɗin zai isa hannun ɗaya mutumin ba tare da an tare shi a hanya ba? Ga kuma yawa. A aji mai yara 40, idan kowane yara biyu za su riƙe mabuɗinsu na kansu, ana buƙatar mabuɗi 780. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya cimma mabuɗi guda ta hanyar da kowa ke saurare. Shi ya sa a yau wayarka da kwamfutar banki suke fara amincewa kan mabuɗi ta irin wannan dabara, sannan su kulle ainihin saƙon da tsari mai mabuɗi ɗaya irin AES. Haka WhatsApp ke yi tun da ya kammala kulle saƙonni daga waya zuwa waya a 2016.

Yanzu mu koma ofishin malamai. Ɓarawon da ya kira abokiyar aikinmu ba shi da shekara tiriliyan 10. Yana da minti uku da murya mai daɗi. Lambar sirrin kati da lambobin nan shida da banki ke turowa ba su ne mabuɗin AES ba, amma matsayinsu ɗaya: sirri ne tsakanin mutum biyu, kai da bankinka, kuma duk wanda ya riƙe shi, na'ura za ta ɗauke shi a matsayin kai. Na'ura ba ta san fuska ba, ba ta san murya ba. Wanda ya fahimci bambancin kwaɗo da mabuɗi zai gane nan take cewa banki ba ya buƙatar ya tambaye shi lambar da shi bankin ya turo. Mai tambaya, ko da wane suna ya zo, na ukun nan ne da ke saurare a zaure.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun sha miƙa mabuɗi da hannunmu. Lambar sirri mai gurbi huɗu tana da zaɓi 10,000, kuma galibi ana toshe kati bayan kuskure uku, don haka mai gwaji barkatai ba ya kai labari. Amma da yawanmu shekarar haihuwa muka sa, ko 1234, muka mayar da 10,000 ta koma biyar ko shida. Muna aiken yaro wurin mai POS da kati a hannu da lamba a baki. Wasunmu sun rubuta lambar a bayan katin. Wasu kuma layin wayarsu ba kulle, alhali a kansa saƙonnin banki ke sauka. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin bai tsaya ga aljihunmu ba, ya shafi amanar aikinmu. Sau nawa aka kai tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango shagon buga takardu, aka karɓo kwafi aka bar asalin a kwamfutar shagon? Sau nawa aka tura su zauren WhatsApp mai mutum talatin, ana cewa ai a kulle yake? A kulle yake a hanya, daga waya zuwa waya. Da ya sauka kuwa, a buɗe yake ga duk wanda ya ɗauki wayar, har da ɗan malam da ke aji shida yana wasan gem da ita bayan magariba. Haka nan sunayen yara da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu da muke tattarawa. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, waɗannan amana ce a wuyanmu.

Mun ji ƙorafe-ƙorafe uku daga 'yan'uwa da muka fara yi wa wannan magana, kuma kowanne yana da nauyi.

Na farko: yaran da ke zaune a ƙasa, aji ya haura mutum saba'in, wasu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, albashi na makara, ƙarin girma ya tsaya, a cikin wannan hali wa ke da lokacin Kaisar? Ba mu musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba mu ce a sassauta fafutukar neman gyaransu ba. Amsarmu ita ce darasin da muke magana a kai ba ya neman kwamfuta, ba ya neman wuta, ba ya neman sabon gurbi a jadawali. Kwalin taliya da almakashi da ƙusa ɗaya sun isa a yi faifan Alberti. Kuma abin da ke cikinsa shi ne abin da manhaja ta riga ta ɗora mana. Zagayowar X zuwa A lissafin agogo ne, irin na "yau Alhamis, bayan kwana goma wace rana ce?" wanda amsarsa Lahadi ce saboda ragowar uku. Ƙidayar haruffa ita ce tattara bayanai da zana jadawali da fitar da kashi cikin ɗari. Yaron da ke warware saƙo yana bin jerin abacada gaba da baya sau hamsin ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Mun gwada a aji shida a zangon da ya wuce. Muka rubuta jimla ɗaya a allo da mabuɗin da ba mu faɗa ba, muka ce wanda ya warware ya zo ya raɗa mana. Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba mu taɓa jin muryarta a darasin lissafi ba, ita ta fara tasowa. Da muka tambaye ta yadda ta yi, sai ta ce ta ga harafi ɗaya ya cika yawa, ta ce a ranta wannan A ne. Ba wanda ya taɓa ambata mata al-Kindi. Washegari yara suka zo da gardama kan inda za a sa ɓ da ɗ da ƙ a jikin faifan, da ko "sh" da "ts" gurbi ɗaya za su ci ko biyu. Darasin lissafi ya haifi darasin ƙa'idojin rubutun Hausa.

Na biyu: za mu koya wa yara satar amsa da ɓoye wa iyaye magana. Wannan tsoro na iyaye ne na gari, kuma mu ma iyaye ne. Sai dai yaran da suka ƙirƙiro zaurance ba su jira manhaja ba, kuma wanda ke ɗakin jarrabawa da minti arba'in ba shi da sararin matsar da haruffa. Ƙari a kan haka, rabin darasin fasawa ne. Yaron da ya ga an warware saƙonsa cikin minti biyar ya koyi cewa abin da ya ɗauka a ɓoye yake, ba lallai ya kasance a ɓoye ba. Wannan darasi ne da zai tsare shi ranar da ya mallaki waya, lokacin da wani zai ce masa ya turo hoto ko magana, "ba wanda zai gani".

Na uku: ba a koya mana wannan a kwalejin ilimi ba. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya karanto har nan ya riga ya san abin da ake buƙata don darasi huɗu. Muna kuma gargaɗi guda, domin kada a ɗauki maganarmu a baibai: hanyoyin Kaisar da Vigenère na koyo ne, ba na tsaro ba. Kada wani ya matsar da lambar katinsa da uku ya rubuta a littafin shirin darasi ya ce ya kulle.

Ga abin da muke nema daga shugabannin reshe. A ware awa ɗaya a taro mai zuwa, wani daga cikinmu ya bi da membobi ta wannan bayani da alli da allo, a kuma taimaka wa kowa ya sauya lambar katinsa idan shekarar haihuwa ce, ya sa wa layin wayarsa kulle kafin ya bar wurin. A naɗa malaman lissafi uku ko huɗu su shirya ɗan jagora da Hausa mai darasi huɗu: na farko zaurance da faifan Kaisar, na biyu fasa saƙo ta gwajin mabuɗai 25, na uku ƙidayar haruffa daga shafi ɗaya na littafin karatun Hausa, na huɗu wasan da za a ba yara biyu mabuɗi, a sa na uku ya nemi karɓe shi da daɗin baki, ajin ya tattauna yadda aka yi. A kai wannan magana taron iyaye da malamai, domin iyayen yaranmu su ma ana kiransu da daddare. Game da tambayoyin jarrabawa, makarantu su amince kan ƙa'ida ɗaya: kada a tura su zauren jama'a, fayil ɗin a kulle shi da kalmar sirri, kalmar kuma a isar da ita baki da baki, kuma wanda ya kai bugu ya tsaya har a goge daga kwamfutar shagon a gabansa. Idan gwajin ya yi kyau bayan zango biyu, reshe ya rubuta rahoto ta hannun uwar ƙungiya zuwa ga masu tsara manhaja.

Yaran da ke gabanmu yau, kafin su kai shekara ashirin, albashinsu da sakamakon jarrabawarsu da katin shaidarsu da cinikinsu duk za su kasance a bayan wani kwaɗo da ba su gani da ido. Masana sun yi nasu, sun ƙera kwaɗon da ƙarfi ba ya fasa shi. Saura mai riƙe da mabuɗi, kuma tarbiyyarsa a hannunmu take, tun yana ɗanye. Abokiyar aikinmu ta ce ita za ta fara koyar da darasi na huɗu, kuma da labarinta za ta buɗe shi. Allah Ya mayar mata da alheri, Ya tsare mana guminmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana.